ALLON BAYANAI YA YI KORE, AMMA SU WA AKA ƘIRGA?

Wannan rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman matasanmu na Zuru da suka dame ni da tambaya ɗaya: "Yaya, wace manhajar nazarin alƙaluma zan koya, Power BI ko Tableau?" Zan ba ku amsa, amma sai mun fara bi ta asibitin shan-magani tukuna.

Ga waɗanda ba su cikin harkar, ga bayani a taƙaice. Waɗannan manhajoji aikinsu shi ne su kwashi tarin lambobi, na ciniki ko na asibiti ko na makaranta, su mayar da su zane da taswira a allo ɗaya, yadda shugaba zai kalla a minti biyu ya yanke shawara. Lambobin kuma ba a kwamfutar ofis suke zaune ba, suna can a manyan rumbunan kwamfuta na kamfanoni irin su Microsoft da Google da Amazon, ana isa gare su ta intanet. Shi ne abin da ake kira gajimare. Kuɗin da ke cikin harkar ba na wasa ba ne: a 2019 Salesforce ya sayi Tableau a kan dala biliyan 15.7, a shekarar kuma Google ya sanar da sayen Looker a kan dala biliyan 2.6.

Sabon abin da ake ta yayatawa yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Microsoft ya fito da Fabric a watan Nuwamba 2023, ya kuma saka Copilot a cikin Power BI. Tableau ya kawo Pulse a farkon 2024. Amazon ya saka Amazon Q a QuickSight, Google ya saka Gemini a Looker. Duk alƙawari ɗaya suke yi: rubuta tambayarka da Turanci kamar kana hira, manhaja ta zana maka amsa, ta rubuta maka taƙaitaccen rahoto, ta kuma taɓo ka in wata lamba ta yi tsalle ko ta faɗi. Aikin da a da yake cinye min yini guda, yau ana gama shi kafin shayi ya huce. Wallahi abin burgewa ne, ban raina shi ba.

To amma ni na yi shekaru ina aikin tattara alƙaluman lafiya a wannan yanki namu, kuma a nan Rikoto nake kwana nake tashi. Na san hanyar da lamba take bi kafin ta isa wannan kyakkyawan allo. Uwa ta kawo jariri rigakafi. Ma'aikaciya ta rubuta a rajista da biro, ga layi a waje, ga zafi, wata rana ita kaɗai ce a bakin aiki. Ƙarshen wata a zauna a ƙirga, a cike fom ɗin wata. A ɗora fom a babur zuwa ƙaramar hukuma. Jami'i ya nemi caji da sabis ya shigar a DHIS2, wato manhajar da Nijeriya ke tara alƙaluman lafiya da ita, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, kuma ƙasashe sama da 70 suke amfani da ita. Daga nan Birnin Kebbi ta gani, Abuja ta gani, masu ba da tallafi su gani. Duk sabbin dabarun da ake tallatawa suna aiki ne a ƙarshen wannan doguwar hanya. Farkonta har yau biro ne da takarda da babur.

Me ya sa wannan ya shafe mu yanzu fiye da da? Saboda binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kusan kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, mafi yawa a duk Nijeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Shi ya sa da aka fara ba da rigakafin maleriya na R21 a watan Disamba 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Wannan allura sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe yana wata 15. Ka ga dole a san wane yaro ya karɓi ta farko bai dawo ba, kuma ina yake yanzu. Yawan allurar da za a turo mana, da ma'aikatan da za a tura, da unguwar da za a koma, duk da abin da allo ya nuna ake yanke su.

Akwai ramuka uku da na sani a wannan hanyar, kuma babu Copilot ɗin da zai cike su.

Na farko, adadin mutanen da ake raba lissafi da shi. In aka ce an yi wa kashi 80 na yara allura, kashi 80 na nawa? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan 2006 aka yi ta. A lokacin an ce ƙaramar hukumar Zuru tana da mutum dubu 165 da 'yan ɗoriya. Tun daga nan ƙiyasi ake yi, ana ƙara wani kaso duk shekara. Ƙidayar da aka shirya yi da na'urori a 2023 an ɗage ta. Shi ƙiyasi kuma yana ɗauka kowa yana zaune inda aka bar shi. Mu kuwa mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai, mun san gidaje nawa a cikin garin Zuru suka karɓi baƙin dole. A misali, ka ce takarda ta ba wani asibiti yara 100, amma saboda masu gudun hijira yara 200 ne a unguwar. In ya yi wa 140 allura, allo zai nuna kashi 140, kore shar, har a yaba masa. Alhali yara 60 suna nan ba a taɓa su ba, kuma babu wanda zai turo ƙarin allura inda aka riga aka "wuce buri". Manhaja mai basira za ta rubuta maka rahoto mai daɗin karantawa a kan wannan kashi 140 ɗin, ba tare da ta san akwai matsala ba.

Na biyu, bambancin sifili da shiru. Asibitin da ya ce "babu wanda ya kamu a wannan watan" daban yake da asibitin da bai turo komai ba saboda ma'aikacinsa ya gudu da ransa. A taswira, in ba a yi hankali ba, duka biyun fari suke fitowa, ko a cire na biyun daga lissafi gaba ɗaya. Ku tuna abin da ya faru da shan-inna. A watan Satumba 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ke yaɗuwa a cikinsu. A watan Agusta 2016 sai ga ta ta ɓulla a Borno, kuma binciken ƙwayar cutar ya nuna danginta ce da wadda aka gani tun 2011. Ma'ana shekara biyar tana yawo a garuruwan da ma'aikata ba sa iya shiga saboda Boko Haram, takarda kuma tana cewa lafiya lau. Sai da aka koma da hotunan tauraron ɗan'adam da mutanen gari masu kawo rahoto daga can ciki, sannan a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na daji. Fasaha ta taimaka ƙwarai, amma sai da wani ya taka da ƙafarsa ya je.

Na uku shi ne wanda ba a son faɗa a taro: tsoron jan launi. Na zauna a wani taron bita inda aka haska allo, aka dinga kiran jami'ai ɗaya bayan ɗaya ana yi musu faɗa a gaban na ƙasa da su saboda garuruwansu sun yi ja. Babu wanda ya tambaya ko firij ɗin allura ya lalace, ko hanya ta yanke da damina, ko mutum ɗaya ne ke riƙe da asibiti. Bayan wata biyu, ikon Allah, ko'ina ya yi kore. Ni dai na san ba yara ne suka ƙaru ba. In aka mayar da lamba bulala, wanda ake duka zai koyi gyara lamba, ƙarshenta a yi kitso da kwarkwata. Kuma yadda sabbin manhajojin nan suke aika wa oga saƙo kai tsaye duk lokacin da lamba ta faɗi, in ba a canja hali ba bulalar ce kawai za ta ƙara sauri.

Sai batun kuɗi da sabis. Daga 1 ga Afrilu 2025 Microsoft ya ƙara kuɗin Power BI Pro daga dala 10 zuwa dala 14 a wata ga mutum ɗaya. In ka lissafa dala a naira 1,500, naira dubu 21 ke nan. Ma'aikata goma, dubu 210 duk wata, wato mafi ƙarancin albashi na dubu 70 har sau uku. Copilot ɗin ma ba a wannan kuɗin yake zuwa ba, sai hukuma ta sayi wani matakin na daban. Ga kuma intanet. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddebuwa, har bankunan Legas sai da suka ji a jikinsu. Maƙwabtanmu na Zamfara kuma sun ga yadda aka rufe sabis ɗin waya gaba ɗaya a watan Satumba 2021. Saboda haka ni sabon abin da ya fi burge ni ba wanda ke hira da Turanci ba ne. Na fi son manhajar waya irin ta DHIS2 da ke karɓar bayani ko babu sabis, ta ajiye, ta tura in an samu. Wannan ita ce ta san ƙasarmu.

Kada kuma mu manta da amana. Yanzu ya zama ruwan dare mutum ya kwashi jerin sunayen marasa lafiya, ko na 'yan gudun hijira da lambobin wayarsu da sunan ƙauyensu, ya zuba a manhajar basira ta kyauta don ta tsara masa. Don Allah a daina. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023. Ko babu doka ma, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, jerin suna da adireshi ba abin wasa ba ne. A cire sunaye kafin a ɗora komai.

Yanzu ga amsarku, ƙannena. Ku fara da Excel har ya zauna muku. Ku ƙara da SQL. Sannan ku ɗauki Power BI Desktop ko Looker Studio, duka biyun kyauta ne don koyo, wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuyar ɗayan ba. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 yana da darasin nazarin alƙaluma, a riƙa sa ido in an buɗe rajista. Amma ku sani, zana kyakkyawan allo shi ne ɓangaren da na'ura ta fara ƙwacewa. Abin da ba ta da shi, ku kuna da shi. Kun san Riba da Ribah gari ɗaya ne, ba biyu ba. Kun san dalilin da ya sa asibiti ke yin shiru ranar kasuwa, da lokacin girbi, da lokacin Uhola. Kuna jin Hausa da C'lela, za ku iya zama da uwa ku tambaye ta me ya hana ta dawowa allura ta biyu. Ɗalibanmu na Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru, wannan magana har da ku, domin alƙaluman taki da iri da girbi ma irin wannan ciwon suke fama da shi. In ka kai dawa mai tsakuwa injin niƙa, ko injin jiya aka sauke shi daga mota, gari mai tsakuwa za ka ɗauko.

Ga masu riƙe da hukuma kuma, roƙona uku ne. Kafin a sayi sabon lasisi, a sayi rajista da sola da man babur. A bar kowace mazaɓa, daga Rikoto da Rafin Zuru har Senchi da Tadurga, ta ƙirga yaranta gida-gida tare da masu unguwanni, har da na baƙin da suka yi hijira, a riƙa sabuntawa. Kuma jami'in da ya kawo jan launi na gaskiya a tambaye shi me yake buƙata, a daina kunyata shi.

Iyaye mata, ku ma da naku: katin rigakafin nan a adana shi kamar takardar gona. In ta kama an bar gari, a sa shi cikin kaya. Shi kaɗai ne shaidar da ke bin yaro duk inda ya je.

Ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da ke bibiyata, ina son jin naku: a wurin aikinku, adadin da aka ba ku a takarda ya yi daidai da mutanen da kuke gani da ido? Ba sai kun faɗi sunan wuri ba. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Amin.