Kafin ka ɗaure kaya zuwa Alƙahira

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an idar da sallar Magariba, wani dattijo maƙwabcinmu ya riƙo hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yaron nan na wajena ya samu gurbin karatu a Masar. Gonar fadama na sayar na haɗa masa kuɗin jirgi. Kai da ka zauna can, me ya kamata in ƙara masa a jaka?" Na ce, "Baba, bargo mai kauri da rigar sanyi." Ya yi dariya, a zatonsa zolaya nake yi, domin a saninsa Masar ƙasar rairayi ce da zafin rana. Ban iya ba shi cikakkiyar amsa a tsaye ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta a nan, ko ta amfani ɗansa da ire-irensa da ke shirin tafiya.

Maganar bargon gaskiya ce. Na sauka Alƙahira a ƙarshen shekarar 2019 da 'yan kaftanaina na shadda, watan Janairu na kamawa na gane hunturunmu wasan yara ne. Da dare sanyi yakan sauko wajen digiri 10 ko ƙasa da haka, gidajen kuma tayil ne da siminti, ba abin ɗumama ɗaki. Idan sanyi ya wuce sai iskar Khamasin ta taso da jar ƙura, daga nan zafi ya karɓa. Wannan duk mai sauƙi ne, jiki yana sabawa.

Abin da ba a sabawa da shi shi ne sakaci da takardu. Tun kana gida ka tabbata shaidar karatunka ta bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Masar ya buga mata hatimi. Wanda ya tsallake wannan ya tafi, sai ya yi watanni yana aike gida ana yi masa yawo da takarda ɗaya, abokan zuwansa kuwa sun yi nisa. Kada a manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a filin jirgi. In ka isa, babban abu shi ne iƙama, wato izinin zama, wadda ake bugawa bisa shaidar makarantarka, ake kuma sabunta ta. Ni da kaina na taɓa yin sake tawa ta ƙare ana tsakiyar jarrabawa, na ce bari in gama tukuna. Tarar da na biya ta cinye kuɗin abincina na wata guda, ban da makonnin da na yi ina faɗuwar gaba duk sa'ad da na hango ɗan sanda. Laifina ne, ba na kowa ba. Ka fara neman sabuntawa tun da sauran lokaci, ka riƙa yawo da kwafin fasfonka, ka kuma tanadi hotuna ƙanana da yawa. Za ka ji kalmar "bukra", wato gobe, har ta gundure ka. Kada ka yi fushi, kada kuma ka fasa komawa goben.

Sai masauki. Wanda Allah ya ba sa'ar tallafin Azhar yakan samu ɗaki a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, unguwar ɗaliban ƙasashen waje da aka gina tun zamanin Jamal Abdul Nasir, inda akwai abinci da gado. Saura kuwa haya suke kamawa, galibi a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, ko a Darrasa kusa da tsohon masallacin Azhar. A nan za ka haɗu da mutum biyu da ba makawa sai ka yi hulɗa da su: simsar, wato dillalin gidaje, da bawwab, maigadin bene. Dillali na farko da na yi mu'amala da shi ya karɓi kuɗin ajiya na wata biyu a hannunmu, muka yarda da fatar baki saboda tasbahar da ke hannunsa. Ranar da za mu tashi, maigidan ya ce shi bai san da wannan zance ba. Tun daga nan ban sake ba da ko sisi ba sai an rubuta yarjejeniya, an sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Shi kuwa bawwab, ka girmama shi, ka ba shi haƙƙinsa na wata, ka gaishe shi safe da yamma. Shi ya san mai gyaran famfo, shi ya san inda ake sayen tukunyar gas, shi ne kuma zai shaide ka in wata magana ta taso.

Game da kuɗi, ina roƙon iyaye su daina lissafi da labarin waɗanda suka yi karatu shekara goma baya. Lokacin da na isa, dala ɗaya wajen fam 16 take. A watan Maris na 2024 ta kai kusan fam 50, naira kuma ta riga ta yi tata faɗuwar tun 2023. Haya ta tashi, komai ya tashi. Izinin zaman ɗalibi ba na aiki ba ne, saboda haka kada a tura yaro da zummar zai riƙa neman na kansa. Abin da ke rufa wa ɗalibi asiri shi ne cin abincin gari: ful da gurasar da suke kira aish baladi da safe, ta'amiyya wadda 'yar uwar ƙosai ce, da koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir da soyayyar albasa. A kasuwa za ka tarar da tsofaffin sani cikin sabon suna. Mulukhiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade kuma zoɓo. Kuka da daddawa da yaji ne kawai za ka ɗauko daga gida.

Amma duk waɗannan ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya fi damuna shi ne yawan ɗalibanmu da ke zuwa Alƙahira su yi shekaru ba su shiga cikinta ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Kana sauka 'yan uwa za su tarbe ka, su kai ka gidan da mutum shida ke zaune, duk Hausawa. Za a tuƙa maka tuwo, a nuna maka hanya, a raka ka ofis. Wannan alheri ne babba, ban san yadda da na yi ba in babu shi. Sai dai inuwar tana da daɗi har ta kan hana mutum fita. Hira da Hausa, waya da Hausa, kallon ƙwallo da Hausa, musun siyasar gida har asuba. In jarrabawa ta matso a haddace littafin da aka ƙayyade, a zuba a takarda, a wuce. Na san wanda ya shekara biyar a haka, ranar da zai dawo gida sai da aka nemo mai yi masa ciniki da direban tasi. Ya dawo da shahada, amma in ka ce ya tsaya ya yi bayani na minti goma da Larabci sai gumi ya karyo masa. Gonar da aka sayar ba don wannan aka sayar da ita ba.

Ni ma na kusa zama haka, wani direban ƙaramar bas ne ya farkar da ni. A makonnina na farko na so in sauka, sai na tsara masa jumla da Larabcin littafi, da i'irabinta cif, yadda aka koya mana a Islamiyya. Ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Motar duka ta kwashe da dariya. Wani tsoho da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya ibni, ce masa: ala gamb ya usɗa." Ma'ana, a gefe, direba. Ranar na fahimci Larabci biyu ne a garin. Akwai fusha ta littafi da mumbari, akwai ammiyya ta titi, inda jimun ke komawa ga, har Jamal ya zama Gamal, ƙaf kuma ta ɓace, ƙahwa ta zama ahwa. Wasu 'yan uwa suna ƙyamar ammiyya, suna cewa za ta ɓata musu harshe. Ban yarda ba. Malamai da yawa a jami'a sukan fara darasi da fusha, zance na yin zafi su zarce da ammiyya, kuma a nan ne bayanin mai daɗi yake. Wanda bai jin ta rabin darasi ya wuce shi.

Shawarata ita ce ka zauna da 'yan uwa a shekarar farko, ka san gari. Bayan nan ka nemi ɗaki da ɗan Indunusiya ko ɗan Senegal ko Bamisire, wanda ba abin da ya haɗa ku sai Larabci. Shekara biyu na yi da wani ɗan Malesiya da wani ɗan Sa'id, wato kudancin Masar, kuma abin da na koya a ɗakin girkinmu ya fi na aji.

Sannan ka fita. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne hanya mafi sauƙi a birnin da ya haura mutum miliyan 20, yana kuma da taragun mata zalla a tsakiya, abin da ya kamata 'yan uwa mata su sani. Ka sauka a Ataba ka ratsa kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, ka miƙe zuwa masallacin Azhar. Ginin ya haura shekara dubu, Faɗimiyawa suka fara shi a 970, har yau kuma ana zama a kewaye malamai ana karanta nahawu da fiƙihu da hadisi kyauta, irin zaman zaurenmu na gida. A bayansa akwai lungun Darbul Atrak, shagunan littattafai a jere. A ƙarshen Janairu kuma ake baje kolin littattafai na duniya, wanda aka fara tun 1969. Ka riƙa tara 'yan kuɗinka dominsa. Duk lokacin da na shiga harabar Azhar nakan tuna ba mu ne farkon zuwa ba. Masanin tarihi Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a ƙarni na 13, a cikin Azhar ma an yi ruwaƙin Barnawa, masaukin ɗaliban Borno. Su a ƙafa da raƙuma suka keta Sahara.

Ba zan ɓoye wani abu ba, domin wanda bai ji shi a gida ba zai ji zafinsa ninki biyu. Baƙar fata yakan gamu da tsokana a titi, yara su bi shi da "ya samara", wani lokaci har da manya marasa tarbiyya. Abin yana da ciwo. Na ga waɗanda wannan ya sa suka tsani garin suka kulle kansu a ɗaki, na ga kuma waɗanda suka biye aka yi faɗa, aka ƙare a ofishin 'yan sanda, inda baƙo ba ya cika samun rinjaye. Ka wuce abinka. A garin nan dai, cikin azumi, za ka ga an shimfiɗa teburan buɗa-baki a titi, mutumin da bai taɓa ganinka ba ya jawo hannunka ya rantse sai ka zauna. Siyasar ƙasarsu kuwa, ko a shagon shayi aka jawo ka cikinta, ka ce kai karatu ya kawo ka.

Jiya da yamma dattijon ya turo mini yaron. Na ba shi tsohon bargona, na rubuta masa lambar abokin zamana ɗan Sa'id, na ce in ya huta ya neme shi. Ya juya takardar ya ce, "Yaya, ai akwai 'yan unguwarmu uku a can, sun ce har sun gyara mini katifa." Na ce ya sauka wajensu, ya gaishe su. Lambar dai kada ya yar.