Adalcin Ɗan Lido a Gidan Caca

Mai karatu, duk wanda ya sha kashi a teburin caca na Las Vegas ko Makau, zarginsa na farko yakan faɗa kan ɗan lido. Sai ka ji yana rantsuwa an cusa dalma a ɓoye ta gefe guda, ko an kankare wata kusurwa, ko kuma ma'aikacin tebur ya musanya shi da zafin nama. A gidan cacar da ke ƙarƙashin idon hukuma, da wuya wannan zargi ya tabbata. Ɗan lidon yana faɗar gaskiyarsa, kuma duk da haka mai wasa ne ke ƙasa tun kafin ya miƙa hannu. Aikina a ɗakin magani na asibiti aikin awo ne, kuma ya koya mini cewa ma'auni yana iya zama daidai, ciniki kuma ya zama na cuta, idan an rage wa mai saye a wajen farashi. A wajen biya ake cutar ɗan caca, kuma wannan cuta tana da alaƙa da lafiyarsa fiye da yadda ake zato.

Bari mu fara da wanke wanda ba shi da laifi. Ɗan lidon gidan caca ya bambanta da wanda yara ke karkaɗawa a gwangwani. Ana yanka shi da inji, kowane gefe kimanin milimita 19, kusurwoyinsa da kaifi. Jikinsa garau yake, ana hango cikinsa, don kada a ɓoye wani nauyi. Ramukan ɗigon da ke fuskokinsa ana cike su da abu mai nauyi daidai da wanda aka haƙe, domin kada fuska mai ɗigo shida ta fi mai ɗigo ɗaya sauƙi. Kowane jeri yana ɗauke da lambarsa, kuma ana sauya su a kai a kai. A wasan da Amurkawa ke kira kiraps, dole mai jifa ya sa 'ya'yan lido biyun su daki bangon tebur na can nesa, wanda aka lulluɓe da roba mai tsini-tsini, don su yi tsalle yadda hannu ba zai iya sarrafa su ba. Gidan caca yana yin wannan taka-tsantsan ne don kare kansa, domin ɗan lido mai karkata makami ne a hannun duk ɗan wasan da ya gano shi. Ribar gidan ba ta buƙatar maguɗi, lissafi ya riga ya ba shi ita.

Wannan lissafi tsoho ne, kuma likita ne ya fara rubuta shi. Gerolamo Cardano, likitan Italiya da ya rasu a 1576, mutum ne da caca ta cinye masa lokaci da dukiya, ya kuma bar ɗan littafi a kan wasannin sa'a wanda ba a buga ba sai 1663. A 1654 wasu masana biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan matsalolin caca, daga nan ilimin ƙiyasin yiwuwar abu ya tsaya da ƙafarsa. Ma'anar adalci da ta fito daga aikinsu mai sauƙi ce: wasa yana da adalci idan abin da za a biya ka in ka ci ya yi daidai da haɗarin da ka ɗauka, ta yadda in aka daɗe ana yi, babu mai cin wani.

To, gwada wannan ma'auni da kanka. 'Ya'yan lido biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Jimilla 7 tana fitowa ta hanyoyi 6, sauran 30 kuwa wasu lambobi ne. Idan ka zuba dala ɗaya a kan cewa 7 za ta fito a jifa mai zuwa, adalci shi ne a ba ka ribar dala 5, tunda faɗuwarka ta ninka cinka sau biyar. Gidan caca dala 4 yake biya. A jifa 36, bisa matsakaici, za ka ci sau 6 ka karɓi dala 24, ka faɗi sau 30 ka rasa dala 30. Dala 6 ta salwanta cikin 36, wato kashi 16.67 cikin ɗari. Haka in ka zaɓi 12, wadda hanya ɗaya tak take da ita: adalci ya ce 35, mafi yawan gidaje 30 suke biya, ribarsu ta kama kashi 13.89 cikin ɗari. A Makau, inda ake wasan sik bo da 'ya'yan lido uku masu hanyoyi 216, wanda ya ce duka ukun za su nuna lamba ɗaya da ya ambata yana da hanya ɗaya cikin 216, abin da ake biyansa kuwa ya gaza 215 nesa ba kusa ba.

Za ka ji gogaggu suna cewa waɗannan zubi na sababbin shiga ne, su kam babban zubin kiraps suke yi. Gaskiya ne shi ya fi rangwame. A jifar farko, 7 ko 11 ci ne, 2 ko 3 ko 12 faɗuwa ce, in wata lamba ta fito kuma sai a ci gaba da jifa har ta maimaita kanta ko 7 ta riga ta. Idan aka tattara lissafin, mai wasa yana ci sau 244 cikin 495, yana faɗuwa sau 251. Tazarar 7 ce kawai, wato kashi 1.41 cikin ɗari. Akwai ma wani ƙarin zubi da ake biya daidai da haɗarinsa ba tare da ragi ba, amma ba a yarda ka yi shi sai ka riga ka sa kuɗi a wanda ake rage maka.

Wannan ƙaramin adadi shi ya fi jan hankalina, domin na san irinsa a wajen aiki. Ƙwaya guda ta farasitamol ba ta taɓa hantar mai lafiya, amma wanda ya riƙa watsa ta a baki ba ƙidaya zai gamu da ita. Yawan sha da maimaitawa su ke mayar da magani guba. Kashi 1.41 ana cire shi ne daga kowane zubi, ba daga kuɗin da ka shigo da su ba. Wanda ya shigo da dala 100 yana zuba goma-goma, in ya yi zubi 300 a ƙarshen mako, dala 3,000 ce ta bi ta teburin, abin da ake sa ran ya rasa kuwa ya haura dala 40. Jacob Bernoulli ya tabbatar a littafinsa da aka buga a 1713 cewa gwargwadon yawan gwaji, gwargwadon yadda sakamako ke matsawa kusa da abin da lissafi ya faɗa. Ɗan caca ɗaya yana iya tashi da riba a dare ɗaya. Gidan da ke karɓar zubi dubbai a kowace rana yana zaune ne a inda sa'a ta daina aiki.

Da a ce mutum da lissafi kaɗai yake yanke hukunci, da teburan nan sun daɗe da bushewa. Sai dai ƙwaƙwalwa tana da nata ruɗin. Na farko shi ne zaton cewa ɗan lido yana tuna baya, cewa tunda 7 ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi. A watan Agusta na 1913, a gidan cacar Monte Karlo, ƙwallon faifai mai juyawa ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa yanzu kam dole ya juya, suka tafka asara. Na biyu shi ne zaton cewa hannu yana da tasiri. Masanin zamantakewa James Henslin ya lura a 1967 cewa 'yan kiraps sukan jefa a hankali in suna son ƙaramar lamba, su jefa da ƙarfi in babba suke nema. Barin mai wasa ya yi jifa da hannunsa yana sa ya ji kamar gwaninta ce ke aiki.

Ƙarƙashin waɗannan akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen koyon abin da ya cancanci a sake nema. Binciken da Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka yi a kan birai ya nuna cewa ƙwayoyin da ke fitar da shi sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, kuma a 2003 suka nuna cewa motsin jira yana kai ƙololuwa idan samu da rashi suka yi kunnen doki. Dubi 244 da 251, ka ga wasan da ya zauna daidai a wannan wuri. Saboda irin waɗannan hujjoji ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya larurar caca a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi haka a sabon kundinta na cututtuka.

A nan maganar ta shigo ɗakin magani kai tsaye. Akwai magunguna da ke kwaikwayon dofamin, kuma suna iya jefa mutumin da bai taɓa caca ba cikinta. Daga ciki akwai firamifeksol da ake sayarwa da sunan Mirapex, da rofinirol mai suna Requip, waɗanda ake bai wa masu cutar makyarkyata. Akwai buromokiriftin, wato Parlodel, da kabagolin, wato Dostinex, waɗanda mata da yawa ke sha idan sinadarin ruwan nono ya hau ya hana al'ada ko haihuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan masu cutar makyarkyata 3,090 a Amurka da Kanada ya gano kashi 17.1 cikin ɗari na masu shan irin wannan magani suna fama da kasa danne sha'awa, ko ta caca, ko ta saye-saye, ko ta ci, ko ta jima'i, alhali a cikin waɗanda ba sa sha kashi 6.9 ne. A 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi irin wannan gargaɗi a kan arififirazol, wato Abilify, maganin taɓin hankali.

Shi ya sa idan na miƙa irin wannan magani nakan nemi a kira mini wani na gida. Wata rana ɗiyar wani dattijo ta tsaya bayan an sallami layi, ta ce da ni a hankali, “Malam, don Allah maganin Baba yana canza hali?” Mutum ne da aka san shi da tsantseni, amma tun da aka ƙara masa adadin da yake sha, sai ya koma kwana a kan waya yana cacar intanet, kuɗin fansho suna zurarewa. Gidan sun ɗauka shaiɗan ne ko tsufa, kunya kuma ta hana su faɗa wa kowa. Na haɗa su da likitansa, aka riƙa rage maganin sannu a hankali aka musanya shi, jarabar ta lafa. Ka lura da kalmar sannu a hankali. Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana haifar da fargaba, da baƙin ciki mai tsanani, da dawowar cutar da ƙarfi, don haka ba aikin da za a yi a gida ba ne.

Labarin dattijon ya nuna cewa ba sai ka je Las Vegas ba, teburin ya iso aljihu. A waya kuwa, duk tabbacin da na lissafa a baya ya ɓace. Babu ɗan lido garau da za ka ɗaga ka duba, manhaja ce ke fitar da lamba, kuma in kamfanin ba shi da mai sa masa ido, babu abin da zai hana shi karkatar da ita. Ko da manhajar ta gaskiya ce, ragin biya yana nan, ga kuma sauri: abin da zai ɗauki minti a tebur, daƙiƙu kaɗan yake ɗauka a waya, ba rufewa dare da rana. A ma'aunin mai harhaɗa magani, an ninka yawan shan ne sau da yawa.

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi sun san hukuncin caca a addini, surorin Baƙara da Ma'ida sun yi magana a kanta ƙarara. Sanin hukuncin kan sa wanda ya faɗa ciki ya ƙara ɓoyewa, ɓoyewa kuma ita ke ba ciwon lokaci. Saboda haka ka san alamominsa, a kanka ko a kan naka: komawa don a fanshe abin da aka rasa, ƙara yawan zubi kafin a ji daɗin da ake ji da, ƙarya a kan inda kuɗi suka tafi, cin bashi ko sayar da kaya, da ƙunci da rashin barci idan an yi ƙoƙarin dainawa. Komawa don fanshewa ita ce mafi muni, domin kowane sabon zubi sabon ragi ne.

Idan ka ga waɗannan, fara da duba magungunan da mutumin yake sha, ka kai su wurin likita ko mai harhaɗa magani a duba. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti yana karɓar wannan larura kamar yadda yake karɓar ta ƙwaya, kuma jiyyar tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a ita ce ta fi samun goyon bayan bincike. A miƙa katin banki da ragamar kuɗi ga wani amintacce na ɗan lokaci, a goge manhajojin, a nemi kamfanin ya rufe asusun. In kuwa ya fara cewa mutuwa ta fi masa wannan bashi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, domin haɗarin kashe kai ya fi yawa a tsakanin masu wannan larura. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.