Ina iyayen yaran da Donald Duck yake riƙo?

1/ Tambaya ga waɗanda suka tashi da kallon katun: kun taɓa lura cewa manyan jaruman katun ba su cika samun 'ya'yan kansu ba, sai 'ya'yan 'yan'uwa? Donald Duck yana riƙe da uku, Mickey Mouse biyu, Popeye huɗu, Scooby-Doo ɗaya. To ina iyayensu? Zaren yana da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Mu fara da na Donald: Huey, Dewey da Louie. Ranar 17 ga Oktoba 1937 suka fara fitowa, a shafin zanen barkwanci na jaridun Lahadi a Amurka. Ted Osborne ya rubuta, Al Taliaferro ya zana. An turo wa Donald su ne da wasiƙa daga uwarsu, Della.

3/ Dalilin turo su? Wai babansu yana kwance asibiti, saboda yaran sun tayar masa da nakiyar wasa, irin wadda muke ce wa nokawut, a ƙarƙashin kujera 😂 Aka ce su ɗan zauna kafin ya samu sauƙi. Yau shekara tamanin da ɗoriya, bawan Allah bai zo ɗaukar kayansa ba.

4/ Daga baya labaran suka tsayar da cewa Della da Donald tagwaye ne. Ke nan a Hausance Donald kawunsu ne, ɗan'uwan uwa. Turanci ya cusa kowa cikin kalma biyu, mu kuwa mun raba: kawu daban, baffa daban, goggo daban, inna daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Mickey ya riga Donald. Tun 1932 aka ba shi Morty da Ferdie. Ita ma Daisy, budurwar Donald, a 1953 aka ba ta 'yan mata uku: April, May da June. Kowa da rabonsa, amma babu wanda ya yi aure balle a yi suna.

6/ Na Popeye ya fi ban mamaki. A wani fim na 1940, Olive ta yi mafarkin sun yi aure sun haifi yara huɗu masu kama da shi sak. A 1942 aka dawo da yaran nan huɗu, amma aka ce 'ya'yan ɗan'uwansa ne. Kun gani? Da gangan aka cire su daga 'ya'ya aka mayar da su 'yan riƙo.

7/ Sai ɗan ɓeran nan mai kunzugu na Tom and Jerry, Nibbles, wasu su ce Tuffy. A fim ɗinsa na farko, 1946, a ƙofar Jerry aka ajiye shi da 'yar takarda. Fim ɗin The Little Orphan, wato ƙaramin maraya, har Oscar ya ci. Abin dariyar fim ɗin kacokan: maraya ne da ba ya ƙoshi.

8/ Me ya sa suke haka? Ga fahimtata. In aka ce ɗansa ne, dole a kawo mata, a kawo aure, a kawo nauyi. Jarumin ya tsufa ke nan. Donald da Daisy suna zance tun 1940, kuma haka kamfanin yake so su dawwama. Ɗan riƙo kuwa, in an gama dariya sai a ce ya koma gida.

9/ Akwai masu 'ya'yan kansu fa. Spike, karen Tom and Jerry, ya samu Tyke a 1949. Goofy ya fito da ɗa a 1951. An haifi Pebbles ta Flintstones a 1963. Amma ku kwatanta: Spike zai iya karya Tom saboda ɗansa ya yi atishawa. Donald kuwa dambe yake yi da nasa yaran.

10/ Wato tun a katun an ja layi. Ɗan cikinka abin karewa ne. Ɗan riƙo fitina ne da aka sauke maka a zaure. A farkon fitowarsu su Huey ko bambanta su ba a yi: fuska ɗaya, murya ɗaya, wannan ya fara magana wancan ya ƙarasa. Sai launin riga da hula.

11/ Wanda ya fara ba su daraja shi ne Carl Barks, mai zana littattafan barkwancin Donald. A hannunsa suka zama masu hankalin gidan. A 1951 ya sa su cikin ƙungiyar Junior Woodchucks, irin ta 'yan sikawut. Kawu ya jawo rigima, yara su warware.

12/ A DuckTales ta 1987 Donald ya shiga sojan ruwa, ya kai su wajen Scrooge McDuck, attajirin nan marowaci. Shi kuma Scrooge kawun Donald ne. Riƙo a kan riƙo. Duk wanda ya taɓa jin "gobe za ka koma gidan wane" ya san wannan ba abin dariya ba ne.

13/ Scrappy-Doo fa? An kawo shi a 1979 lokacin da kasuwar Scooby-Doo ta fara faɗuwa, ya farfaɗo da shirin. Da 'yan kallo suka gaji da shi aka ture shi gefe. A fim ɗin 2002 shi aka mayar mugun labarin. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

14/ A 2017 da aka sake DuckTales an ba kowane yaro halinsa da muryarsa. Kuma Dewey ya tashi neman amsar abin da aka yi kusan shekara 80 ana tsallakewa: ina uwarmu? Ashe jirginta ne ya faɗi a duniyar wata, ta maƙale shekara goma, har ta rasa ƙafa. A 2019 ta dawo gida.

15/ To yanzu mu dawo gida mu ma. Abin da Turawan katun suka ƙirƙiro don kauce wa labarin aure, mu a ƙasar Hausa rayuwa ce. Sunansa riƙo. Da wuya ka shiga gida a Mafara, Bakura ko Maradun ka rasa yaron da ba a gidan aka haife shi ba.

16/ Kuma tsohon abu ne mai kyau. Ɗan fari, saboda kunya, ana yaye shi kaka ta ɗauke. Amarya a ba ta ƙanwa ta taya ta zama. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, 'yar'uwarta ta ce ga wannan, taki ce. Littafin Baba of Karo na 1954 cike yake da irin wannan, ita kanta Baba riƙo ta yi.

17/ Shi ya sa ba mu da kalma guda da ke nufin ɗan ɗan'uwa. In ka tambayi dattijo wane ne wannan, cewa zai yi "ɗana ne", ko da ɗan ƙanensa ne. Harshen ma ya ƙi ware yaron. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa.

18/ Amma riƙon da nake gani yanzu ya sauya kama. Da, zumunci ke kawo yaro. Yanzu bindiga ke koro shi. Ku tuna 2021 kaɗai. Fabrairu: 'yan matan sakandaren Jangebe, ƙaramar hukumar Talata Mafara, 279 aka sako. Agusta: kwalejin noma ta Bakura. Satumba: ɗaliban Kaya a Maradun.

19/ Waɗannan su ne suka shiga labarai. Ƙauyukan da aka tasa cikin dare, da manoman da aka ɗauke a gona, yawancinsu BBC ba ta ji sunansu ba. Kowane ɗaya ya bar yara. Kuma mafi yawan yaran ba sansani suka tafi ba, gidan dangi suka shigo, cikin gari.

20/ Mu ma an kawo mana biyu, 'ya'yan ƙanen Innarmu, daga wani ƙauye a ƙasar Maradun. Mace 'yar shekara tara, namiji ɗan shida. An ɗauke babansu a hanyar gona. Wanda ya rako su cewa ya yi, "Su ɗan zauna nan kafin ƙura ta lafa." Kusan saƙon wasiƙar Della ke nan, sai dai babu mai dariya.

21/ Lokacin kuma aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara. Babu kira, babu saƙo. In kana son jin labari sai ka jira ranar Talata, 'yan ƙauye su shigo gari, ka tambayi wanda ka sani. Innarmu kullum da mayafi a kafaɗa, ko za ta ji wani abu.

22/ Ƙaramin, in ya ji ƙarar babura da yawa sun taho tare, ƙarƙashin gado yake shigewa. A Mafara kuwa ina za ka ɓoye wa ƙarar babur? Wata uku bai yarda ya je ko bakin titi sayo magi ba.

23/ Wani dare na kunna musu Tom and Jerry a wayata. Ɗan ɓeran nan ya fito yana haɗiye duk abin da ke kan teburi. Ƙannena suna ta ƙyaƙyata. Ita yarinyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, shi wanga ina uwatai?" Abin da Disney ta yi kusan shekara 80 kafin ta tambaya game da nata yaran, ita a minti biyar ta tambaya.

24/ Tun daga nan nake ganin halayen tsohon katun guda uku a cikin gidajenmu. Na ɗaya: a haɗe yara a dunƙule. "Yaran ƙauyen nan." "'Yan gudun hijirar gidan wane." Kamar su Huey na 1937, ba mai suna, ba mai hali. Alhali wannan tana son lissafi, wancan tsoron duhu yake.

25/ Na biyu: barkwancin maraya mai ci. "Kai wannan yaro ba ya ƙoshi." Yaron da ya kwana biyu a daji yana gudu, ya ga tuwo a gabansa, yaya kake so ya ci? Na ga gidan da ake zuba wa 'yan gida a kwano, ɗan riƙo a jira a ga abin da ya rage a tukunya.

26/ Na uku: a mori yaro kamar Scrappy. 'Yan gida su tafi boko da safe, Islamiyya da yamma. 'Yar riƙo ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta ɗauki tallan awara. Ran da kuɗin talla ya ɓace, ita ce ɓarauniya. Wannan shi ake kira riƙon sakainar kashi.

27/ Ban ce riƙo yana da sauƙi ba fa. Gidan mutum goma ya koma goma sha shida, ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Manoman da ke kawo wa gari hatsi su ne yanzu ke neman a ba su. Akwai kawunnai da goggonni da ke kwana da yunwa don yaran wani su ci, ba wanda ya sani.

28/ Shi ya sa Donald na 2017 ya fi burge ni. Ba shi da aikin kirki, a jirgin ruwa suke kwana, masifarsa tana nan. Amma shi ya rene su tun suna cikin ƙwai, yana tsoron ko ƙwarzane ya same su. Wannan Donald ɗin na san shi. Yana sayar da kayan miya, ko yana kabu-kabu.

29/ A gidanmu Baba ya kashe maganar tun ranar farko. Wani maƙwabci ya ce, "Malam, ga baƙi an yi." Ya ce, "Babu baƙo nan, ɗiyanmu na." Washegari ya kai su makarantar da ƙannena suke. Kayan Sallah ma yadi ɗaya aka yanka wa kowa, tela ɗaya.

30/ Ba wai ya share musu abin da ya faru ba. Har yanzu yarinyar tana ajiye rabon naman babanta a zuci, duk Sallah sai ta ce ko bana. Innarmu ba ta taɓa ce mata ki manta ba. Takan zaunar da su ta ba su labarin ƙuruciyar ubansu, yadda yake satar mata ƙuli-ƙuli.

31/ Wannan shi ne abin da tsohon katun ya hana yaransa: a ambaci iyayensu. Yaron riƙo yana buƙatar tuwo, yana kuma buƙatar wanda zai ce masa "da babanka kake kama" ba tare da an yi saurin sauya zance ba.

32/ Mu Musulmi ma ba sai an je da nisa ba. Manzon Allah (SAW) ya tashi maraya. Kakansa Abdul Muɗɗalib ya riƙe shi, bayan rasuwarsa baffansa Abu Ɗalib ya karɓa. Duk mai riƙon ɗan wani ya tuna irin amanar da ke hannunsa.

33/ Mu matasa da ke kan waya, ba mu da buhun masara da za mu raba. Amma in akwai ɗan riƙo a gidanku, ka san ajinsa nawa? Yana zuwa ma kuwa? In ka dawo hutu da tsaraba, ka ƙirga da shi. In ana rabon aiki, ka duba ko duk nauyin a kansa yake, ka yi magana cikin ladabi.

34/ Kuma a daina tsokanar nan ta "yaushe za ku koma garinku". Shi ma tambayar da yake kwana da ita ke nan, kuma ba shi da amsa.

35/ In kai ma riƙonka aka yi, ko kuna riƙe da wani, ka ba mu labari a ƙasa. Ba sai ka faɗi sunan kowa ba. Wa ya riƙe ka: kawu, baffa, goggo, inna ko kaka? Allah Ya saka musu da alheri, Ya dawo da waɗanda ke daji gida lafiya, Ya ba Zamfara zaman lafiya. Amin 🤲