Mutumin da ya shimfiɗa hanya a ƙarƙashin ruwa

Kelly Tarlton, ɗan ƙasar Niyu Zilan da aka haifa a shekara ta 1937, gwanin nutso ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin gawar jiragen da teku ya haɗiye, yana tsamo dukiyarsu. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kyan halittun da yake gani can ƙasa, waɗanda mai tsoron ruwa zai mutu bai gani ba. Sai ya ƙudura niyyar kai jama'a wurin kifaye ba tare da rigarsu ta jiƙe ba.

Da yake kuɗinsa ba su kai na gina sabon wuri ba, sai ya nemi wasu tsoffin rumbunan siminti na ruwan ƙazanta da aka daina aiki da su, ƙarƙashin wani titi na bakin teku a birnin Okland. Ya sa aka kwashe dattin, aka wanke su.

Daga nan wuyar aikin ta taso. Ruwa nauyi gare shi: in zurfi ya ƙaru da metir guda, nauyin ton guda yake ƙaruwa bisa kowane fili mai metir ɗaya tsawo da faɗi. Miƙaƙƙen gilashi kuwa sai dai a leƙa ta cikinsa kamar taga. Tarlton ya sayo fallayen akirilik daga Jamus, wata irin roba mai haske kamar gilashi, wadda ke laushi in ta ji zafi. Ya gina tanda, ya gasa su, ya lanƙwasa su kamar bakan gizon da maginanmu ke ɗora rufin soro a kai, don nauyi ya rarrabu zuwa gefe biyu. Sa'an nan aka liƙe mahaɗansu sarai, domin ɗigo guda na iya ɓata aikin duka. Haka aka samu hanya mai tsawon metir 110, kifaye na shawagi bisa kan masu wucewa.

Wata goma ya yi yana aiki dare da rana. An buɗe wurin a watan Janairu na 1985. Cikin mako bakwai mutum 100,000 suka shiga. A watan Maris na wannan shekara zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 47.

Yau manyan gidajen kallon kifi na duniya sun ɗauki dabararsa. Wani zai ce riba ce, tun da wurin da kowa ke toshe ma hanci ya zama abin alfahari. Amma ɗan kasuwa da ma'aikacin da ke hana ma jikinsu hutu su tuna: mako bakwai kaɗai mai shuka ya zauna a inuwar itacensa.