Lokacin da inji ke zaune a tsakiyar jirgi

A watan Satumban 1932, a kan Kogin St. Clair da ke jihar Mishigan ta Amurka, Gar Wood ya tuƙa jirgin tserensa, Miss America X, da gudun da ya ɗan haura kilomita 200 a sa'a guda. Kafin ranar babu wanda ya taɓa yin irin wannan gudu a kan ruwa. Jirgin na katako ne, tsawonsa ƙafa 38, a cikinsa kuwa akwai injunan Packard guda huɗu, kowanne mai silinda 12 da ƙarfin doki 1,600. An jera su biyu-biyu, wani a gaban wani, har suka cinye kusan duk cikin jirgin. Wood da makanikinsa Orlin Johnson can ƙuryar baya suke zama, bututun hayaƙi na feso zafi a gabansu.

A wancan zamani inji ake fara samu, sannan a ƙera masa jirgi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya injunan jiragen sama ƙirar Liberty sun yi wa sojan Amurka yawa, aka sayar da su da araha, masu tsere irin su Wood suka kwashe. Bayan yaƙi na biyu aka sake yin haka da injunan Allison da Rolls-Royce Merlin. Da Allison guda ɗaya jirgin Slo-mo-shun IV, wanda Ted Jones ya zana, ya kai kilomita 258 a sa'a a Tafkin Washinton a 1950. Maƙeri ya san nauyin injinsa tun bai yanka katako ba, don haka mazaunin injin shi ne farkon abin da yake tsayarwa.

Mazaunin nan a tsakiya yake, kuma dole ce ta sa. Doguwar sandar ƙarfe ce ke fita daga bayan inji, ta huda ƙasan jirgi a karkace ta kai ga farfela. In aka matsar da inji baya, karkatar sandar ta yi yawa, farfela ta riƙa tura ruwa ƙasa maimakon baya, ƙarfi ya tafi a banza. Daidaita inji da sandar nan aiki ne na mai haƙuri. Makaniki zai durƙusa a cikin jirgi da siraran faifan awo, yana zura su tsakanin fuskokin mahaɗa biyu, sama da ƙasa, hagu da dama. In tazarar wani gefe ta fi ta ɗaya da kaurin takarda, sai ya sassauta noti, ya cusa ɗan falle a ƙarƙashin ƙafar inji, ya ɗaure, ya sake awo. Masu lura kan maimaita awon bayan an saka jirgi a ruwa, domin katako na sauya zama idan ya jiƙa.

Shekarar 1959 ta sauya komai. A baje kolin jiragen ruwa na birnin New York, kamfanin Volvo Penta ya nuna Aquamatic, ƙirar da Jim Wynne ya kawo musu: inji a ciki, jingine da bangon baya, giya da farfela kuma a waje, suna juyawa hagu da dama. MerCruiser ya biyo baya da irin wannan ƙira a 1961. Ana cikin haka Dick Bertram ya lashe tseren Mayami zuwa Nasau na 1960 da Moppie, jirgi mai tsinin ƙasa wanda Ray Hunt ya zana don yanka igiyar teku. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, inji a baya da jirgi mai tsinin ƙasa, ita ta haifi dogayen siraran jiragen da Don Aronow ya yi suna da su, irin su Donzi da Cigarette. Nauyi duk ya koma baya.

Sai sabuwar matsala ta taso. Jirgi mai tsinin ƙasa matsattse ne, manyan injuna biyu kafaɗa da kafaɗa ba sa samun sauka can ƙasa, kuma farfelolinsu kan yi nesa da juna, ɗaya ta riƙa fita daga ruwa in jirgi ya kwanta a kwana. Masu tsere suka ɓullo da dabarar gocewa: inji ɗaya a baya, ɗayan a matsar da shi gaba a haɗa shi da 'yar sanda. Da haka suka kusanci tsakiya, suka sauka ƙasa. A ganina, cikin dabarun wannan sana'a babu wadda ta kai ta kyau, don ko doki ɗaya ba ta ƙara wa inji ba, amma ta sa jirgi ya natsu.

Wanda zai sa sabon inji a irin waɗannan tsofaffin jirage yau, aikinsa juyin na su Wood ne: jirgi na nan, inji ne baƙo. Dogayen katakan da ke ɗauke da inji an lulluɓe su da faiba, daga waje lafiya lau, ciki kuwa sau da yawa ruwa ya ruɓar da su. Tsofaffin makanikai kan ƙwanƙwasa su da guduma su saurara, ko su huda su duba garin da ya fito, busasshe ne ko danshi. Jirgin gudu ba ya son ƙafafun roba masu laushi. Ƙafafun alminiyam ake sawa, a huda katakon gaba ɗaya a ɗaure da noti ta ɗaya gefen. Sannan ga tsayin da za a kafa giya a bangon baya. In ta yi ƙasa, ruwa ya riƙe jirgi. In ta yi sama, farfela ta sha iska.

Yanzu da yawa sun koma ga injin ratayawa, ɗan'uwan wanda muke gani a bayan kwalekwale a Yawuri da Baga, sai dai na kamfanin Mercury mai silinda 12 da ya fito a 2021 ƙarfin doki 600 gare shi. Akan cire tsohon inji, a toshe ramin, a rataya sabo a kan marataya bayan jirgi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsallake awo. Nauyin da mai zane ya ajiye a ciki ya fita waje, ya ƙara nisa baya, sai jirgi ya kama ɗaga hanci yana faɗuwa, ko ya riƙa rangaji gefe da gefe in gudu ya yi gudu. Maganin tsohon ne: kafin a kwance noti ko ɗaya, a ɗora jirgin a sikeli, a gano inda nauyin gaba da na baya suka yi daidai, a yi alama a jikinsa. In sabon inji ya zauna, a matsar da tankin mai da batura gaba har nauyi ya dawo kan alamar.