Wa kake yi wa "hint" ɗin nan?

Duk wanda ya taɓa saka kalmar sirri ta biyu a Telegram ya ga wani ɗan gurbi da aka rubuta "hint". Mu masu gyaran waya muna yawan cin karo da abin da mutane ke zubawa a ciki, shi ya sa na bi diddigin kalmar.

"Hint" ta bayyana a Turanci wajen shekarar 1600, kuma ana danganta ta da wata tsohuwar kalma, "hent", wato cafkewa. Ke nan ɗan bakin zare ne da za ka kama ya kai ka ga sauran. Hannunka mai sanda, in ji Bahaushe.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "intimate". Tushenta "intimus" ne a Latin, ma'ana can ƙuryar ciki. In Bature ya kira abokinsa da ita, yana nufin amini na ƙut da ƙut. Amma in ya mai da ita aikatau, sai ta koma sanar da abu a fakaice. Kusanci da sakaya magana a kalma guda! Kuma ai haka abin yake. Wa ke gane zancen da aka sakaya in ba na jiki ba?

Haka ita ma "close". Daga "claudere" ta fito, wato rufewa. Shi ya sa kalmar da kake dannawa ka rufe manhaja ita ce dai a "Close Friends" da Instagram ya kawo a 2018. Na kusa shi ne wanda ka rufe ƙofa yana ciki.

To, a nan gizo ke saƙar. Sai ka ga mutum ya rubuta "sunan autata" ko "shekarar aurena". Ɗan damfarar da bai san ka ba zai sha wuya, gaskiya. Amma ƙaninka fa? Abokin ɗakinka? Yaron shagonka? Waɗannan ko tunani ba sai sun yi ba, kuma su ne wayarka ke kwana kusa da su a caji. Da ɗan gari akan ci gari.

Wasu kuma tsoro ya sa su rubuta shirme, bayan wata shida su zo min shago hankali a tashe. In ba ka saka imel na dawo da asusu ba, wallahi ni ba ni da mabuɗin.

Abin da nake gaya wa kwastomomina shi ne: kafin ka adana, karanta "hint" ɗin kamar kai ne amininka. In zai gane, canza shi. Ɗauko abin da ba ka taɓa ba kowa labarinsa ba, sannan ka saka imel ɗin da har yanzu kake iya buɗewa.

Allah Ya sa mu dace.