Marsandin Gado

Motar alfarma idan ta tsufa, kuɗinta ne ke faɗuwa a kasuwa, amma cikinta yana nan yadda yake. Marsandin da a zamaninta sai manyan alhazai da kusoshin gwamnati ke hawa, yau ana iya sallama ta a kan kuɗin da bai kai na sabuwar adaidaita ba. Wannan arahar ce ke jan samari. Mutum ya saya, ya wanke ta fes, ya sha yawon gari na wata biyu, wata rana ta yi tari ta tsaya. Ranar ce yake gane cewa kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba, har gobe farashin motar mai kuɗi ake yi musu. Wanda ya zaga bayan garejojin Maradi zai ga irinsu jere, tayoyi sun sace, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsu.

Ni ba saye na yi ba, gado na ci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayo ta daga Kwatano a 2004, lokacin tana da shekara 14 da ƙira. Da aka zo rabon gado aka yi mata kuɗi, ta faɗo cikin kasona. Tun ranar yayana yake cewa in sayar, in cika kuɗi in sayi ƙaramar Toyota in huta, kuma maganarsa ba ta rasa kan gado ba. Aikina na rediyo ne, ni ke buɗe tasha kwana huɗu a mako. Ƙarfe shida daidai dole muryata ta fita, a lokacin da ko ɗan kabu-kabu sai an yi sa'a ake samu a unguwarmu. Motar da za ta ƙi tashi da asuba tana iya raba ni da abincina. Saboda haka riƙe ta bai zama mini abin sha'awa kawai ba, sai da na koyi halinta kamar yadda ake koyon halin abokin zama.

Samfurin 230E ce ta 1990, cikin jerin da kamfanin Mercedes-Benz ke kira W124, wanda ƴan Najeriya suka laƙaba wa V-Boot saboda yadda murfin but ɗinta ya tsuke daga ƙasa. An fito da wannan jeri a ƙarshen 1984, aka ci gaba da ƙera shi har tsakiyar shekarun 1990, a ƙarƙashin jagorancin mai tsara fasalin motocin kamfanin, Bruno Sacco. Sai a 1993 aka fara kiransa E-Class. A Jamus da yawa daga cikinsu tasi suka yi, wannan kaɗai ya isa shaida a kan juriyarsu. Magogin gilashinta guda ɗaya ne tilo, yana miƙewa ya kai kusurwa sannan ya dawo. Ƙofarta idan ka rufe, ƙarar da take yi ta isa ta gaya maka nauyin ƙarfen. Sai dai an ƙera ta ne don ƙasar sanyi, da titi mai santsi, da mai mai tsabta. Mu kuwa nan abin da muke da shi zafi ne, da ƙura, da ramuka.

Zafi shi ne babban abokin gabarta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Maradi, idona ba ya barin allurar zafin inji. Idan lafiya lau take, allurar tana zama kaɗan sama da 80. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na alminiyam, ƙarafa biyu da ba sa buɗewa daidai idan sun sha wuta. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa kan injin ta ƙona gasket. Maganin da aka saba yi a garejojinmu shi ne a cire wani ɗan murfi da ake kira tamostat a jefar, wai don ruwa ya riƙa gudu ba shamaki. A wannan injin kuwa murfin aiki biyu yake yi: idan ya buɗe hanyar lagireto, yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. In aka cire shi, wani ruwan sai ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanyar bai je ya huce ba. Da hunturu kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai. Haka nan ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto, sannu a hankali yake barin farin ƙanzo a cikin bututu, ya kuma ci alminiyam ɗin. Ni ruwan sanyaya inji na galan nake saye. Da tsada, amma bai kai kuɗin sauke kan inji ba.

Na biyu shi ne abin da take sha. Wannan motar ba kafireta gare ta ba. Wani tsari ne na kamfanin Bosch mai suna KE-Jetronic, inda iskar da inji ke zuƙa take danna wani faranti, farantin ya motsa wani siririn sanda, sandan kuma ya raba mai zuwa nozul huɗu. Ramukan da man ke bi ƙanana ne ƙwarai, ɗan tsaki ko ɗigon ruwa ya isa ya dagula lissafin. Shi ya sa man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda rabin gari ke dogaro da shi, ba ya shiga tankina sai in ta kama dole. Matatar mai da ta iska kuwa ba na jiran su cika wa'adin da littafin motar ya faɗa, domin wanda ya rubuta littafin bai san ƙurar hunturunmu ba. Sau uku ana ba ni shawara in tuge tsarin gaba ɗaya a ɗora mata kafireta, ko ma a sauke injin a sa na wata motar Japan. Na ga waɗanda aka yi wa haka. Suna tafiya, ba a musu, amma tashin asuba ya zama na lallashi, kuma laushin nan da ya sa ake kiranta motar alfarma ya tafi.

Na uku shi ne roba. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, ƙarfen Marsandi ba ya saurin gajiya, robobinta ne ke mutuwa. Kowace ƙafar baya sanduna biyar ke riƙe da ita, kowane sanda da robarsa. Injin kansa a kan matasan roba yake zaune. Hatta makullan ƙofofi da iska suke aiki, ta wasu siraran bututu da ke zuwa daga wani ɗan famfo a ƙarƙashin kujerar baya. Shekara talatin da ɗoriya, ga rana irin tamu, duk sai su bushe su tsattsage. Daga nan mota ta fara rawa a kan hanya, tana cin taya ta gefe ɗaya, mai ita yana ta canza shakazoba bai san inda ciwon yake ba.

Neman kayan ma wani aiki ne. Iri uku ake samu: sabo na asali, wanda kuɗinsa ke sa mutum ya yi shiru, na hannu da aka kwance daga motocin Turai, da sabon jabu mai kyan kwali, wanda ba ya kai damina biyu. Ƙa'idar da nake bi ita ce, abin da yake ƙarfe ne ina iya sayen na hannu, amma roba da birki da matata sai sabo mai kyau, domin tsohuwar roba ko daga Jamus ta zo tsohuwa ce. Yawanci Kano ake samo mini, a kasuwar Ƙofar Ruwa, ta hannun direbobin da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya suka yi wuya, farashi ya ɗaga, jira ya ƙaru. Akwai lokacin da ta yi kwana 19 a kan duwatsu tana jiran famfon ruwa.

Duk wannan da nake faɗa ba a littafi na samo shi ba. A bakin wani dattijon makaniki na ji, wanda tun zamanin mahaifina shi ke taɓa ta. Baba muke ce masa. Ba shi da kwamfutar gwada mota, kuma wannan motar ba ta da wani dogon bayani da za ta gaya wa kwamfuta. Dogon sukundireba yake ɗorawa a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Wata safiya na je masa da wata ƙara da nake ji idan na tayar da ita da sanyi, kamar ana jan sarƙa a kan kwano, ta daƙiƙa biyu sai ta ɗauke.

"Baba, ni dai ban gane mata ba. Da ta ɗumama sai ta yi shiru."

"To ai ta gaya maka, ɗana. Kai da kake aikin murya, ba ka san mai shaƙewa da safe ba? Sarƙar inji ce ta saki, abin da ke ɗaure ta ya gaji. Yau kuɗin ɗan ƙaramin ƙarfe ne. Ka bar ta ta tsallake haƙori, sai mu yi maganar inji sukutum."

Tun daga ranar nake kashe rediyon mota minti biyar na farkon tafiya. A ɗakin watsa shiri an horar da kunnena ya kama ɗan ƙugin da mai sauraro ba zai ji ba, ashe horon yana da amfani a wani wurin. Kukan bel daban, gurnanin boris na ƙafa daban, ƙwanƙwasar roba idan an faɗa rami ita ma daban.

Sai maganar ƙawata ta, inda nan ne kuɗin mutane ya fi zurarewa. Abokaina sun kawo shawarwari: a sa mata manyan wili masu siririyar taya, a canza mata fuska ta koma irin ta 1993, a sa fitilu masu farin haske, a cika but da lasifika. Babu wanda ya taɓa ce mini in canza man birki, alhali yana tsotsar danshi kuma duk shekara biyu ya kamata a sauya shi. Babu wanda ya ce in duba lambobi huɗun nan na jikin taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Siririyar taya a kan hanyar Dakwaro wahala ce ga mota da bayan mai ita. Farin ƙwan fitila a cikin gidan da ba don shi aka yi ba, makantar da mai tahowa kawai yake yi. Abin da na yarda na sabunta kaɗan ne. Na'urar sanyaya ɗaki da tsohuwar iskar R12 ta zo, wadda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, sai aka wanke bututun aka canza robobi da mai aka mayar da ita R134a. Na sa sabon lagireto. Na sa ƙaramar rediyo mai haɗuwa da waya, baƙa, wadda ba ta yi wa katakon gaban motar tsawa ba. Fentin kuwa yana nan da ƙunar rana a kan rufi, yana jiran layinsa.

Wannan tsari yana da ciwonsa. Ranar biki idan aka jera motoci, tawa ba ta ɗaukar ido, har wani ya taɓa tambayata ko ba na samun albashi ne. Kuɗin da na zuba mata duk suna inda ba a gani. Amma a bara ta kai mahaifiyarmu Yamai ganin likita, fiye da kilomita 600, ta dawo da mu, allurar zafi ba ta gusa ba. Hajiya ta zauna a baya, a gefen da ta saba zama lokacin maigidanta na da rai, har muka wuce Dogon Dutsi ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ƙamshinta bai canza ba."

Ni da maiɗakina mun yi yarjejeniya. Kowane wata akwai abin da nake warewa a wata ambulan, ko motar ta nema ko ba ta nema ba, kuma ina da littafin da nake rubuta duk abin da aka canza da ranar da aka canza shi. Ranar da gyaranta ya wuce ambulan ya taɓa kuɗin makarantar yara ko buhun hatsi, ko tsatsa ta ci ƙashin da ke riƙe da ƙafafunta, zan sallama ta ba tare da jayayya ba. Na gaya wa yayana haka, ya ce yana jira.

Abin da ya fi damuna yanzu ba kuɗi ba ne. Idon Baba ya fara rauni, hannunsa na rawa idan ya riƙe ƙaramin sifana. Yaran da ya koyar yawancinsu sun koma gyaran babura da adaidaita, inda kuɗi ke shigowa kullum, ba kuwa za a ga laifinsu ba. Saura guda ɗaya da ya tsaya, yaro mai haƙuri, shi kaɗai Baba ke bari ya kwance mai raba man nan. Kayan gyara ko sun yi tsada ana iya aikowa da su daga nesa, amma wanda zai saurari inji ya faɗi ciwonsa ba a sayo shi a Ƙofar Ruwa.

Shi ya sa duk ranar Asabar da ba ni da aiki nake zuwa garejin da na'urar ɗaukar murya ta wurin aiki. Idan an kawo mota mai wata ƙara, in ɗauki ƙarar, sannan in ɗauki bayanin Baba a kanta, yaron na tsaye yana ji. Da farko dariya ya yi, ya ce shi ba zai shiga rediyo da tsufansa ba. Yanzu shi ke aiko yaron ya kira ni idan wata baƙuwar ƙara ta shigo. Mun tara guda 31, kowace da sunanta, na kuma zuba wa yaron su a wayarsa. Bayan damina, in Allah ya kai mu, robobin ƙafar baya ne a kan layi, kuma Baba ya ce wannan karon shi zai zauna a benci, yaron ne zai shiga ƙarƙashi.